Rumbun da Ba a Auna da Tiya: Lamarin SPT0311-58 a Wani Aji a Tahoua

Ina koyar da fizik a wata lise a nan Tahoua. Duk Laraba da la'asar nakan zauna da ƴan ajin ƙarshe masu son su san fiye da abin da jarrabawar bak ke tambaya. A wani watan Disamba na kawo masu lissafi guda, ina ganin minti ashirin zai ci, sai ga shi mun kwashe mako uku a kansa. Na rubuta yadda abin ya gudana ne don ƴan'uwana malamai, da duk wanda ya taɓa karanta wani ƙaton adadi game da sararin samaniya ya karɓe shi hannu biyu.

Abin da na kawo masu

Galaksi garke ne na taurari da gas da ƙura waɗanda nauyinsu ya ɗaure su wuri ɗaya. Namu, wanda rana take ciki, shi ne farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da ba wata, kuma taurarinsa sun haura miliyar 100. Wanda na kawo wa yaran sunansa SPT0311-58, kuma a gaskiya galaksi biyu ne maƙwabtan juna da ke shirin haɗewa. Na'urar hangen nesa mai faɗin mita 10 da aka kafa kan ƙanƙarar Antatika, a ƙarshen kudancin duniya, ita ta fara tsinkayo shi. A 2017 Maria Strandet da abokan aikinta suka tabbatar da nisansa ta hanyar ALMA, wato parabol 66 da ke jere a tudun Chajnantor, cikin hamadar Atakama ta ƙasar Chile. Hasken da ya taso daga can ya miƙe ninki 7.9 kafin ya iso mu, saboda sararin da yake ratsawa yana ta buɗewa. Daga wannan miƙewar aka gane cewa ya baro gida lokacin da sararin samaniya bai wuce shekara miliyan 780 ba. Yau shekarunsa miliyar 13.8.

Ƙungiyar Dan Marrone ta Jami'ar Arizona ce ta raba su biyun a hoto, ta fitar da adadin da na rubuta a allo. Babban cikinsu yana haifar taurarin da jimillar nauyinsu ta kai na rana 2,900 a kowace shekara, ƙaramin kuma 540. Galaksinmu, duk girmansa, rana ɗaya ko biyu yake samarwa a shekara. Babban yana ɗauke da gas mai nauyin rana miliyar 270, da ƙura ta kusan miliyar 3.

Daga gas mai sanyi ake yin taurari, don haka tambayar ba ta da wuya ga ɗan Adar. Bayan kaka kowane maigida yakan tsaya gaban rumbunsa, ya san abin da ya zuba, ya san tiya nawa ke fita kullum, ya lissafa ko hatsin zai kai shi damina. Na ce masu ga rumbu, ga abin da ake ci a shekara, ku gaya mani yaushe zai ƙare.

Rukunin farko suka ce shekara miliyar 93. Sun duba labarin a waya, suka tarar da kalmar biliyan, suka karanta ta yadda Faransanci ke nufi, wato miliyar dubu. A Ingilishi, da kuma Hausar ƴan'uwanmu na Najeriya, biliyan ita ce miliyar ɗinmu. Wannan tarkon yana kama ɗaliban Nijar da yawa, ya kamata malamai mu riƙa faɗakar da su tun da wuri. Da aka gyara, kowa ya dawo kan amsa ɗaya: shekara miliyan 93.

Ga ɗan Adam wannan lokaci ne da hankali ba ya ɗauka, amma ga galaksi kamar kwana da yini ne. Ƙasusuwan dinoso da aka tono a Gadufawa, irin waɗanda ke gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, sun kai kimanin shekara miliyan 110, wato sun girmi wannan wa'adin. Rana ma sai ta yi wajen shekara miliyan 230 kafin ta kewaya galaksinmu sau ɗaya. Galaksi irin namu da ke kusa da mu kuwa, rumbunsu yakan ɗauke su shekara miliyar ɗaya zuwa biyu.

Na ɗauki alli zan rufe darasin ke nan, wata yarinya da ke zama layin baya ta ɗaga hannu.

"Mushe, wa ya auna gas ɗin?"

Na ce masana, da ALMA.

"Da me suka auna? Ai ba su ɗora shi a sikeli ba."

Na san amsar sama-sama, amma ban san ta yadda zan iya tsayawa gaban aji in kare ta ba. Kuma na ga laifina: na rubuta miliyar 270 a allo kamar wanda ya tsaya aka auna masa a kasuwa. Na ce ta ba ni mako guda.

Abin da ba a gani da abin da ake gani

Mafi yawan gas ɗin da ke zama taurari haidurojin ne, ƙwayoyi biyu manne da juna, abin da ake rubutawa H2. Yana taruwa ne cikin gizagizai masu tsananin sanyi, wajen digiri 260 ƙasa da sifili. Sanyin shi ne sharaɗi, domin gas mai zafi yana bazuwa, mai sanyi ne kawai ke lafawa har nauyinsa ya rinjaye shi, ya dunƙule, cikinsa ya yi zafi ya kama wuta. Matsalar ita ce H2 a wannan sanyin bebe ne. Ƙwayoyinsa biyu iri ɗaya ne sak, ba ɓangaren da ya fi wani caji, saboda haka ko yana juyawa ba ya fitar da hasken da za a kama, sai an ɗumama shi da ɗaruruwan digiri. Abin da ya fi komai yawa a rumbun, shi ne ba ya nuna kansa.

Sai aka nemi abokin tafiyarsa. Kowa a garin nan ya san haɗarin kwana da garwashin gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu. Iskar nan marar wari da ke kashe mutum cikin barci ita ce CO, ƙwayar kabon ɗaya da ta oksijin ɗaya. Tana nan cikin gizagizan sama, kimanin guda ɗaya a cikin H2 dubu goma. Da yake ƙwayoyinta biyu ba iri ɗaya ba ne, tana juyawa tana fitar da haske ko a cikin wannan sanyin, a zango mai tsawon milimita 2.6. Robert Wilson da Keith Jefferts da Arno Penzias ne suka fara kama shi a 1970, daga gajimaren Oriyon. Tun daga ranar, hasken CO ake aunawa, a ninka shi da wani adadi, a ce ga nauyin gas. Tururin ruwa yana shanye irin wannan hasken, shi ya sa aka kai ALMA tsayin mita 5,000. Wani yaro ya tambaye ni me ya hana a kafa ta a Tenere tunda mu ma muna da bushewa. Bushewa muna da ita, tudun ne ba mu da irinsa.

Duk rigimar tana cikin adadin ninkawar. A gizagizan galaksinmu, inda ake iya gwada shi ta hanyoyi daban-daban, ya kama wajen 4.3. A 1998 Dennis Downes da Philip Solomon suka duba wasu galaksi da ke kusa da mu waɗanda suka yi karo suna haifar taurari babu ƙaƙƙautawa, irin Arp 220, da parabol ɗin Plateau de Bure a tsaunukan Faransa. A irin waɗannan, idan aka yi aiki da ma'aunin galaksinmu, sai gas ɗin ya kai ko ya zarce nauyin duk abin da ke wurin gaba ɗaya, abin da ba zai yiwu ba. Gas ɗinsu ya fi ɗumi, ya fi hargitsi, don haka kaɗan ɗinsa yana haske da yawa. Suka tsayar da 0.8. Tsakanin ma'aunin biyu akwai ninki biyar da ɗoriya.

Na bayyana wannan a mako na biyu, amma na ga idanun yaran ba su kama ba. Yarinyar nan ce ta same ni bayan an tashi, ta ce abin da na faɗa ya yi kama da gardamar da kakanta ke yi da kawunanta kowace kaka, in ina so in zo in ji daga bakinsa.

Gaban rumbun tsoho

Ranar Lahadi na hau babur zuwa ƙauyensu, ba nisa da gari. Bayan gaisuwa da ruwa, na ce, "Baba, in an cika rumbu da dammuna, yaya kuke sanin hatsin da ke ciki tunda ba a sussuka ba?"

Ya ce, "Malam, ƙidaya muke yi. Dami nawa ya shiga, na sani. Amma dami ba hatsi ba ne."

Ya ce damin shekarar da ruwa ya kai ƙarshe daban, na shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri daban. Ido zai ga girmansu ɗaya, igiya ɗaya ta ɗaure su, amma in tsutsa ta bi zangarniya ko ƙwaya ba ta cika ba, a sussuka ake jin kunya. Na gonar fadama da na jigawa ma ba ɗaya ba ne. Yaran yanzu, in ji shi, sai su ɗauki ma'aunin bara su ɗora wa bana, su ce hatsi zai kai damina, ga shi tun bazara ba ta yi nisa ba an fara kankare gindin rumbu.

Na ce, "To, ku yaya kuke yi?"

"In ciro dami ɗaya a sussuke, a sheƙe, a auna a gabana. Sannan na san rumbuna, ni na gina shi. In lissafi ya ba ni abin da ya fi cikinsa, lissafin ne ya yi ƙarya."

A kan hanyar dawowa na yi ta juya maganar. Ƙidayar dammuna ita ce hasken CO. Tiya nawa ke cikin dami, shi ne adadin ninkawa. Sanin girman rumbu kuwa shi ne abin da Downes da Solomon suka yi: daga saurin juyawar gas ana gane nauyin duk abin da ke riƙe da shi, kuma gas ba zai fi wannan ba. Abu ɗaya ne tsoho yake da shi wanda masana ba su da shi. Shi yana iya sussuke dami. Su ba za su taɓa ciro gajimare ɗaya daga nisan nan su auna ba, sai dai su kwatanta hasken CO da na ƙura da na ƙwayar kabon, su ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Lissafi na biyu

A mako na uku na ba da labarin tsoho, kafin in gama yaran sun riga ni zuwa inda zan je. Lissafin da ya ba da babban adadin nan ya zo kusa da ma'aunin galaksinmu. Na ce su ɗauka SPT0311-58 ɗan gidan su Arp 220 ne, tunda shi ma karo yake yi, shi ma cike yake da ƙura mai ɗumi. Suka raba miliyar 270 da 5.4, ya ba su miliyar 50. Suka raba da 2,900, wa'adin ya sauko shekara miliyan 17.

Nan aji ya rabu. Wani yaro mai kaifin kai, wanda ke son zama injiniya, ya ce in amsa tana iya zama 93 tana iya zama 17, to ba a san komai ba ke nan, gara a ce ba a sani ba. Ban katse shi ba, na ma ƙara masa hujja. Masu binciken da kansu sun rubuta adadinsu da tazarar kuskure da ta haura rabinsa. A wannan nisan ba hasken nan na milimita 2.6 aka yi aiki da shi ba, an yi da hasken CO mai gajeren zango wanda ke fitowa daga gas mai ɗumi da kauri, sannan a ƙiyasta sauran. Shi kansa 2,900 ɗin ba ƙidayar taurari ba ce: ƙura ta lulluɓe su, manyan cikinsu suna ɗumama ta, ɗumin ake aunawa, a ƙiyasta ƙananan da aka haifa tare da su. Bugu da ƙari akwai wani galaksi a kan hanya wanda nauyinsa ya lanƙwasa hasken ya ƙara masa ƙarfi kusan ninki biyu, dole a cire wannan. An taɓa ganin illar rashin cirewa. A 2013 an ba da labarin wani galaksi mai suna HFLS3, na shekara miliyan 880 bayan farkon sararin samaniya, aka ce shi ma yana yin rana 2,900 a shekara. A 2014 da aka gano lanƙwasar haskensa, adadin ya sauko ƙasa da rabi.

Duk da haka ban yarda da shi ba, kuma na gaya masa dalili. Maigidan da bai san ko hatsinsa zai yi kwana 17 ko kwana 93 ba, ya san abin da ya fi muhimmanci: ba zai kai damina ba. Ko wane ma'auni aka ɗauka, wa'adin wannan galaksi bai kai kashi ɗaya cikin goma na irin namu ba. Shakkar tana da bango ta gabas da ta yamma, kuma duk abin da ke tsakanin bangayen labari ɗaya yake bayarwa, cewa wannan gida yana cin rumbunsa da gaggawar da ba za ta ɗore ba. A ganina wannan sani ne na gaske, ya ma fi adadi guda da aka haddace ba a san gindinsa ba.

Ina hatsin ya fito, ina zai ƙare

Daga nan tambayoyin suka sauya kama, kuma wannan ɓangaren ne na fi jin daɗinsa. Yaron nan dai shi ya ce, in kabon da oksijin a cikin taurari ake dafa su kamar yadda na koya masu bara, ina wannan galaksi ya samo CO tun da sassafen nan? Tambayar ta dace. Farkon lamari haidurojin da hiliyom ne kusan kawai. Kafin a samu CO da ƙura mai nauyin rana miliyar 3, sai manyan taurari sun rayu sun fashe sun watsa abin da ke cikinsu, kuma manya-manyan ba sa wuce ƴan miliyoyin shekaru. Ke nan cikin shekara miliyan 780 an riga an yi zuriya bayan zuriya. A 2021 Sreevani Jarugula da abokan aikinta, su ma da ALMA, suka gano har da tururin ruwa a babban galaksin. Hasken wannan ruwan ya taso tun saura fiye da shekara miliyar 8 a yi ranarmu.

Makomarsa kuwa hanya biyu ce. Ko dai a riƙa zuba masa sabon hatsi: gas mai sanyi yana kwararowa daga sararin da ke tsakanin galaksi, maƙwabta kuma suna faɗowa ciki da nasu. Wannan ba zato ba ne kawai a nan, domin na'urar James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ta nuna wasu ƙananan galaksi kusan goma kewaye da su biyun. Ko kuma rumbu ya ƙare, haihuwa ta tsaya, taurarin da ke nan su tsufa su yi ja.

An ga masu irin wannan ƙarshen. A 2023 Adam Carnall na Jami'ar Edinbura ya duba wani galaksi mai suna GS-9209 da James Webb. Ana ganinsa ne a shekara miliyar 1.25 bayan farko, da taurari masu nauyin rana kusan miliyar 40, amma ya daina haihuwa. Ya yi yawancin taurarinsa cikin kimanin shekara miliyan 200, tsakanin shekara miliyan 600 da 800 bayan farko, wato daidai zamanin da muke kallon SPT0311-58 yana tsakiyar cinsa. A cibiyarsa akwai baƙin rami, wato dunƙulen da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa, mai nauyin rana wajen miliyan 500, kuma irin wannan yana iya ɗumama gas ko ya kore shi waje tun ba a cinye ba. A 2021 Kate Whitaker da ƙungiyarta sun duba manyan galaksi shida na zamanin da waɗanda haihuwa ta mutu a cikinsu, ALMA ta tarar rumbunansu kusan wayam. Na gaya wa yaran cewa ni dai ina kallon waɗannan a matsayin gida ɗaya da aka ɗauki hotonsa sau biyu, ran biki da kuma bayan baƙi sun watse, ko da yake ba galaksi ɗaya ba ne.

Tun daga wannan darasin, duk adadin da zan rubuta a allo nakan rubuta tazarar kuskurensa a gefe, in kuma faɗi da me aka auna. Yana cin minti biyar a kowane darasi.

Bayan hutun ƙarshen shekara, a farkon Janairu, muka fita bayan gari da dare wajen ƙarfe tara, mu goma sha ɗaya. Lambobin da ke cikin sunan galaksin adireshinsa ne a sama, kuma daga Tahoua wurin yana hawa kimanin digiri 17 sama da sararin kudu a daidai lokacin da Kaza da ƴaƴanta ke dab da tsakiyar ka. Ƙurar hunturu ta ɗan lafa a daren. Na nuna masu tauraro mai haske da ake kira Akarnar, na ce su matsa hagu da shi. Yarinyar nan ta miƙa hannu, ta ɗora dunƙule ɗaya kan layin ƙasa, ta ƙara rabi da ɗan ɗori, ta tsaya.

"Mushe, nan ne?"

Na ce nan ne. Ba komai a wurin sai duhu, amma ta daɗe ba ta sauke hannun ba.